Amsoshin Takardunku: Ina Aka Karya Lagon Yaƙin Biyafara?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa. Ya ce mahaifinsa tsohon soja ne, kullum yana yi musu hirar Ore da Abagana da Fatakwal. Shi ne yake so a bayyana masa, a wane wuri ne yaƙin basasar Nijeriya ya juya?

To malam, bayan juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo da aka yi a Arewa, sai Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya ɓalle da Jihar Gabas ranar 30 ga Mayu, 1967, ya sa mata suna Biyafara. Aka fara ɓarin wuta ranar 6 ga Yuli, aka kwashe wata 30 ana gwabzawa.

Juyi na farko shi ne na Ore. Ranar 9 ga Agusta, 1967, dakarun Biyafara suka haye gadar kogin Kwara, suka kame Benin, suka dangana da Ore, wajen kilomita 200 ke nan daga Ikko. Jinkirin da suka yi a hanya ya ba gwamnatin Yakubu Gowon damar haɗa runduna ta biyu a ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed, wadda ta fatattake su, ta karɓe Benin a watan Satumba. Daga nan Biyafara ta koma kare gida kawai. Inugu, hedkwatarta, ta faɗi ranar 4 ga Oktoba, amma yaƙi bai ƙare ba, sai aka mayar da hedkwata Umuahiya.

Ka kuma sani ba a bakin daga kaɗai aka zubar da jini ba. Cikin wannan Oktoban, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba. Sa'an nan ƙoƙarin tsallaka kogi zuwa Anaca ya ci rayukan sojoji da yawa, sai a Maris na 1968 aka kama garin. A ƙarshen watan ne 'yan Biyafara suka yi wa ayarin motocin runduna ta biyu kwanton ɓauna a Abagana, suka ƙone kusan mota 100, har da tankokin mai.

Amma in ka tambaye mu inda aka karya lagon yaƙin, sai mu ce a bakin teku ne. Runduna ta uku ta Kanar Benjamin Adekunle ta kama Bonny a Yuli 1967, ta kama Kalaba a Oktoba, sa'an nan Fatakwal a Mayu 1968. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ke faruwa in an toshe wa gari hanya. Shanun Arewa sun daina zuwa, busasshen kifin da ake kawowa ta jirgin ruwa ya yanke, gishiri ya yi wuyar samu. Ga shi tun Janairu 1968 gwamnati ta canja takardun kuɗi, waɗanda ke hannun Biyafara suka zama takardar banza. Ƙofa ɗaya ta rage mai ƙwari, wato wani titin mota a Uli da aka mayar filin jirgin sama, jirage na sauka da dare. Manoma sun gudu sun bar gonaki, tamowa ta kama yara. Ana ƙiyasin mutum miliyan 1 ko fiye sun mutu, akasarinsu yunwa ce ta kashe su.

Duk da haka Biyafara ta sake ƙwato Owerri a Afrilu 1969, amma cikin watan nan ta rasa Umuahiya. A Mayu aka ɗora Kanar Olusegun Obasanjo kan runduna ta uku. Owerri ta sake faɗuwa ranar 9 ga Janairu, 1970, Ojukwu ya tsere zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a Ikko ranar 15 ga wata. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaishe mana da tsohon soja. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu da ganin irin wannan fitina. Sai mun ji daga gare ku.