Ruwan Tiga da Fadamun Haɗeja

'Yan'uwa manoma, ga labarin wani bincike da ya shafi duk mai gona a bakin kogi.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Dukansu suna tare ruwan da ke gangarawa kogin Haɗeja. Kafin nan, kowace damina kogin yakan cika ya malale fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Mutane su shuka shinkafa, masunta su kama kifi. In ruwa ya janye, a shuka wake a danshinsa, Fulani su kawo shanu kiwon rani. Wani ruwan kuma ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyi.

Daga 1987 masana suka shiga auna wannan fadama. Suka lasafta amfanin gona da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da ake samu a gonakin ban-ruwa na Kadawa, kusa da Tiga. Sai suka ga ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo riba, ninki da yawa. Ko kiwo ma ba su sa cikin lissafin ba.

Amma abin da muke so ku lura da shi, shi ne lokacin zuwan ruwa. Fadama tana son ta cika da damina, ta bushe da rani. Madatsa kuwa takan saki ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu ta cinye gonaki, ta toshe hanyoyin ruwa. Tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya a cikinta, suna cin hatsi. Ruwa ya karkata ta mashigin Marma ya mamaye ƙauyukan wajen Nguru, alhali mutanen Gashuwa suna kukan ƙarancinsa.

Masanan ba su ce a rushe madatsa ba. Shawararsu ita ce a saki ruwa mai yawa da damina, a rage da rani, a kuma yashe hanyoyin ruwa. A ganinmu tilas a sanar da manoma ranar sakin ruwa tun da wuri, gama wanda ya shuka a gindin kogi shi ne zai fara hasara. Ƙungiyar da ke ƙasan madatsa ta riƙa rubuta ranar zuwan ruwa da ranar janyewarsa kowace shekara, ta kai takardar duk taron da za a yi da hukumar kogi.