Ko Ka San Iska Ce Ke Ɗauke da Motarka?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka roba ce ke ɗauke da nauyin mota. A gaskiya iskar da ke cikin taya ce ke wannan aiki. Robar da wayoyin ƙarfen da ke jikinta suna tsare iskar ne, suna kuma kama ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi faɗin tafin hannu da wani abin kirki ba, amma burki da sitiyari da shan kwana duk a kan waɗannan wurare huɗu suka dogara.

To, iska nawa ta dace? A nan ake yawan kuskure. Za ka ga mai faci ya duba gefen taya, ya ga an rubuta 44 ko 51, ya ce ai ga awon nan. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke bukata ba. Awon gaskiya kamfanin da ya ƙera motar ne ke bayarwa, domin shi ya san nauyinta. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, za ka ga 'yar takarda a manne. A wasu motocin tana cikin murfin tankin mai, ko a littafin motar. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin psi, kuma sau da yawa awon gaba daban, na baya daban. In takardar da ma'aunin bar aka rubuta ta, bar 1 kusan psi 14.5 ne.

Ana auna taya tana sanyi, wato da safe kafin a fita, ko bayan motar ta huta kamar awa uku. Tafiya na ɗumama iska, geji ya nuna ƙarin psi 4 ko fiye. Wannan ƙari ba matsala ba ne, masu ƙera taya sun yi lissafinsa tun farko.

Shi ya sa al'adar nan ta sace iska a lokacin bazara, wai don kada taya ta fashe, take tayar mini da hankali. Abin da ake gudu shi ake jawowa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, gefenta na lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa cikin minti ɗaya. Wannan lanƙwasa ke haifar da zafi, zafin ya raba roba da waya, sai taya ta tarwatse ana tsakar gudu. A Amurka an ga haka da idanu. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan haɗurran da suka ci rayuka, galibi a motocin Ford Explorer. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da awon iska: Ford ya ba da psi 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Daga nan aka yi dokar da ta tilasta sa na'urar gargaɗin iska a duk sabuwar ƙaramar mota daga Satumban 2007. Sai dai fitilar na'urar ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka shirunta ba shaidar lafiya ba ce.

Cika iska fiye da kima ma da tasa illar. Tsakiyar taya ke cinyewa, mota ta riƙa tsalle a ramuka, kamun ƙasa ya ragu.

Batun ɗaukar kaya da jan tirela kuwa, koma kan takardar nan ta jikin ƙofa. A motoci da yawa layi biyu ne: na mutum biyu ko uku, da na mota cike da fasinja da kaya. In ka loda buhuna, ko ka ɗaura ƙaramar tirela, awon na biyu za ka bi. Tirela na danna wani kaso na nauyinta a kan ƙugiyar da ke bayan mota, kuma tayoyin baya ne ke shan wannan nauyi. In iskarsu ta gaza, tirelar na iya fara wutsil-wutsil hagu da dama har sitiyari ya fi ƙarfin direba. Tayoyin tirelar su ma suna da nasu awon, wanda sau da yawa ya fi na motar. Duk ƙarin da za ka yi, kada ya haura lambar da ke gefen taya, kuma in ka sauke kaya ka mayar da iska yadda take.

Taya lafiyayya ma tana rasa kusan psi 1 a wata, sanyin hunturu kuma na ƙara rage ta. Buga ta da ƙafa ko matsa ta da yatsa ba zai gaya maka komai ba. Sayi geji naka ka ajiye a mota, ka auna sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safayar da ke cikin but.