Karatun shimi: ilimin da ke tsaron lafiyar jama'a da arzikin ƙasa

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, iyayen yaran da suka ci a sashen C ko D kan zauna shawara a kan abin da yaro zai karanta a jami'a. Akasarinsu likitanci suke so. Ba safai akan ambaci shimi ba, wato ilimin sanin sinadaran da ke cikin abubuwa da yadda suke haɗuwa, domin da yawa ba su san amfanin da mai wannan karatu zai yi wa kansa da ƙasarsa ba.

Abin da ya faru a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ya isa amsa. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, mutanen garin sun yi ta shan ruwan famfo da ake jawowa daga wata rijiya mai zurfi. Ruwan garau yake, ba shi da wari. Amma sinadarin fuliyor da ke cikinsa ya zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1,5 a kowace lita, fiye da ninki uku. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Ido ba ya ganin fuliyor, harshe kuma ba ya jin sa. Awo a ɗakin bincike ne kaɗai ke tona shi, wannan awo kuwa aikin masanin shimi ne.

Haka zancen yake ga ma'adinai. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma da ruwan asid ake raba shi da dutse. Matatar man Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, da masana'antar siminti ta Malbaza, dukkansu ba sa tafiya sai da masu awo. In ƙasa ba ta horar da nata ba, sai ta ɗauko na waje da tsada.

Ƙofar karatun a buɗe take a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da kuma jami'ar Maraɗi wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, shi ma malamin shimi. Shekara 3 ake yi a samu lisans, a ƙara 2 a samu masta.

Sai dai hanyar ba ta rago ba ce. A shekarar farko lissafi da fizik suna da nauyi ƙwarai, kuma ɗalibi zai daɗe tsaye a ɗakin gwaji yana maimaita awo ɗaya har ya daidaita. Mai lisans kaɗai sau da yawa koyarwa yake samu a kolej ko lise, don haka ya kamata iyaye su shirya wa doguwar tafiya tun da wuri.

Yaron da ke da haƙuri da son bin diddigi, bai kamata a karkatar da shi ba don kawai sunan likita ya fi daɗin faɗi. Likita yana warkar da wanda ruwa ya cutar. Wanda ya auna ruwan tun farko, shi ke hana cutar shiga gari.