Mu Yi Wa Tsuntsayen Gida Masauki

Duk wanda ya tashi a Marwa ko Garwa a zamanin ɗakunan jinka da katangar laka, zai tuna cewa ba mu kaɗai muke kwana a gidajenmu ba. Gwara tana cikin ramin katanga, baiwar Allah tana cikin jinka, kurciya tana kan tsamiya, shamuwa kuma idan ta sauka kowa ya san damina ta ƙarato. Yau mun yi bulo da siminti, mun rufa kwano, mun sare itacen tsakar gida domin ƙarin ɗakin haya. Tsuntsayen ba fushi suka yi ba, wurin sheƙa suka rasa.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Ƙasar Sin ta ba da amsa. A shekarar 1958 hukuma ta sa jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Da ta yi ƙaranci sai fara da sauran ƙwari suka far wa gonaki, abin da ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, har a 1960 aka janye umarnin. Dalili kuwa shi ne, ko da yake gwara tana cin hatsi, da tsutsa da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Shamuwa ma fara ce da tsutsar gona babban abincinta. Kada kuma manomi ya ji tsoron jan-baki mai cinye gero da dawa. Shi ba ya shiga rami, a ƙayoyin daji yake saƙa sheƙarsa.

Yi wa tsuntsu ɗaki ba sabon abu ba ne. A birnin Istanbul har yanzu ana ganin 'yan ƙananan gidajen tsuntsaye da magina suka sassaƙa a jikin masallatai tun zamanin daular Usmaniyya. A Amurka kuma mutanen asalin ƙasar sun daɗe suna rataye wa wata irin tsattsewa goruna, har ta kai a gabashin ƙasar kusan ba ta sheƙa sai a abin da mutum ya tanadar mata. Mu da muke shuka duma a bayan gida, ai abin ya zo mana da sauƙi.

Ga yadda za a yi wa gwara. A sami busasshen gora mai faɗin ciki, a huda masa ƙofa a gefe, can sama da tsakiya, faɗinta kamar santimita 3 da rabi. A yi ƙananan huda 3 ko 4 a gindinsa domin ruwa ya riƙa fita. Tsohuwar tukunya mai ƙaramin baki ko akwatin katako su ma suna yi. Amma ban da gwangwani, domin a zafin Afrilu, lokacin da Marwa ke wuce digiri 40, gasa 'ya'yan zai yi. A ɗaure shi tamau a inuwa, a ƙarƙashin bakin rufi ko a jikin darbejiya, tsayin mita 3 daga ƙasa. Kada ƙofar ta kalli gabas, inda hadari ke tasowa, ko yamma, inda ranar la'asar ke duka. Kada kuma a sa masa sandar sauka a baki, kyanwa da hankaka kawai za ta taimaka wa.

Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kurciya ba ta shiga rami, ita tsohon lefe za a maƙala mata a tsakanin rassa, ta yi ƙwanta 2, ta ƙyanƙyashe cikin mako 2. Tsattsewa da laka take gini, saboda haka a bar mata ɗan jiƙaƙƙen wuri kusa da randa, kuma kada a rushe mata ginin bara.

Abin da ya fi hatsi jawo tsuntsu a ƙasarmu shi ne ruwa. A ajiye kasko marar zurfi a inuwa, nesa da maɓoyar kyanwa, a sake ruwan kowace safiya don kada sauro ya hayayyafa. A guji fesa maganin ƙwari kusa da sheƙa. Idan 'ya'ya sun tashi, bayan damina, a zazzage goran a mayar.

Babban aikin kuwa yana wurin yara. Yaron da aka ce shi ne mai zuba ruwan kaskon, da wuya ka ga ya ɗaga danƙo ya harbi mai shan ruwan. A hana leƙe da taɓa ƙwai. A kuma yi haƙuri, wani goran sai ya shekara a rataye kafin a tare a cikinsa. Yanzu da rani ya kamata a rataya, tun kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.