Wa ke shiga lissafin kantinmu?

Yau ɗan kasuwa yana zaune Maraɗi yana duba lissafin kantinsa na Damagaram ta intanet. Hanyar sirrin da lissafin ke bi ita ce VPN, kamar OpenVPN da ya fito a 2001.

Amma wa ke gadin ƙofa? Babbar kwamfuta ce, mai riƙe da rajistar ma'aikata. Mai son shiga sai ya ba da suna da lambar sirri. In sun dace da rajista, ƙofa ta buɗe. In ba su dace ba, ya tsaya waje.

Alhazai da Hajiyoyi, mu ba kowane yaron kanti lambarsa daban. Ranar da ya bar aiki mu soke sunansa, kada ya ci gaba da leƙa littafin bashinmu.