Kaskon Suya Marar Kamu: Illarsa Idan Ya Tsufa da Abin da Zai Maye Gurbinsa

Gabatarwa

Kayan girki na daga cikin abubuwan da zamani ya sauya a rayuwar Bahaushe. A da, tukunyar ƙasa da kasko da tanda su ne abin dogaron uwargida. A yau kuwa, da wuya a yi wa amarya jere a birni ba a haɗa mata da tukwane da kasake masu baƙin shafi a ciki ba, waɗanda abinci ba ya kamawa a cikinsu. Sai dai shi wannan shafi yakan ƙoƙe, ya riƙa ɓanɓarewa idan aka daɗe ana amfani da shi. Wannan darasi zai yi bayani a kan asalin shafin, da inda haɗarinsa yake, da kuma kayan da za su iya maye gurbinsa.

Asalin Shafin

Shafin wani nau'in roba ne da masana ke taƙaita sunansa da PTFE, amma an fi saninsa da sunan kasuwa, wato Teflon. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Roy Plunkett ne ya gano shi a 1938, yana aiki a kamfanin DuPont na Amurka. A 1954 wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya samo dabarar liƙa shi a jikin alminiyam, sannan aka kafa kamfanin Tefal a 1956. Santsin da yake da shi ne ke hana ƙwai ko wainar fulawa mannewa, ko da mai kaɗan aka zuba.

Inda Haɗarin Yake

Mutane da yawa sun ɗauka ɓarɓashin da ke faɗawa cikin abinci shi ne babbar illa. Alhali shi wannan sinadari ba ya narkewa a ciki, kuma ɓarɓashin da ido ke gani yakan bi bayan gida ya fita. Duk da haka, wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2022 ya nuna cewa tsaga guda a jikin shafin na iya sakin ƙananan ƙwayoyin roba kimanin 9,100, kuma masana na ci gaba da nazarin tasirin irin waɗannan ƙwayoyi a jikin ɗan'adam.

Haɗarin da aka tabbatar shi ne na zafin wuta. Idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Salshiyos, shafin yakan fara lalacewa, kuma gwargwadon ƙaruwar zafin, gwargwadon tururin da yake fitarwa. Wanda ya shaƙi tururin na iya kamuwa da zazzaɓi da ciwon kai da tari kamar mai mura, tsuntsayen da ke kusa kuwa sukan mutu. Kaskon da aka ɗora a kan gas ko garwashi babu komai a ciki na iya kai wannan zafi cikin 'yan mintoci. Haka nan al'adar barin manja a wuta har ya yi hayaƙi ba ta dace da irin wannan kasko ba.

Akwai kuma wani sinadari da ake kira PFOA, wanda a da ake amfani da shi wajen sarrafa shafin. Manyan kamfanoni sun yi alkawarin daina aiki da shi kafin ƙarshen 2015, aka kuma sa shi cikin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Sitokhom a 2019. A 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Saboda haka tsofaffin kasake da waɗanda ba a san maƙerarsu ba sun fi cancantar a yi hattara da su.

Kayan da Za Su Maye Gurbi

Kowane allazi da nasa amanu, in ji masu iya magana. Tukunyar silba, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ita ta fi dacewa da miyar tumatir da yakuwa da duk abinci mai tsami, amma takan kama abinci idan wuta ta yi yawa. Kaskon baƙin ƙarfe yana jure wuta, yana daɗewa, ya kuma dace da suyar ƙosai da nama, sai dai yana bukatar a busar da shi a shafa masa mai don gudun tsatsa. Tukunyar ƙasa da tanda suna riƙe zafi, suna kuma da araha, aibinsu shi ne saurin fashewa.

Wajibi ne a kula da tukwanen zubi da ake ƙerawa daga tarkacen alminiyam. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano cewa irinsu na sakin dalma cikin abinci, ita kuwa dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Wanda ya yar da ƙoƙaƙƙen kasko ya ɗauki irin wannan tukunya ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kasko marar kamu ba abin tsoro ba ne muddin shafinsa na nan lafiya, ana kuma girki da shi a matsakaiciyar wuta. Ludayin katako da soso mai laushi sukan ƙara masa kwana, cokalin ƙarfe da soson waya kuwa su ke kashe shi. Da zarar shafin ya fara ɓanɓarewa har farin ƙarfen da ke ƙasa ya bayyana, amfaninsa ya ƙare, sai a musanya shi da abin da ya dace da irin girkin da ake yi a gidan.