Kujera Ma Wurin Motsa Jiki Ce Ga Dattawa

A shekarar 1987 ne wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Mary Ann Wilson, ta fara wani shiri a talabijin, inda take koya wa tsofaffi motsa jiki suna zaune a kujera.

Hikimar abin ita ce kujera na ɗauke wa gwiwa da ƙugu nauyin jiki. Mutum zai zauna a kujera mai ƙwari, ya miƙe ƙafa ya sauke, ya juya idon sawu, ya ɗaga hannuwa, sa'an nan ya miƙe tsaye ya koma a hankali. Wannan tashi da zama shi ke ƙarfafa cinya, ya rage faɗuwar da kan karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

To, dattijon da ke wuni a rumfar goro a Shagamu ko Agege, ga kujera nan kusa. Sai dai mai ciwon zuciya ya fara ganin likita tukuna.